Wasiƙar Ɗalibi: Shekara uku, ban yi allura ba



Da na je gida hutu, gwaggota ta kira ni ɗaki. Ta miƙo hannu ta ce: "Ɗana, tun da ka zama lokotoro, yi mini allura." Na ce: "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba a ba ni izini ba tukuna." Ta dube ni ta ce: "To shekara uku me kake yi a birni?"

Tambayarta tana kan hanya. Baba ya sayar da raguna saboda karatun nan. Duk wanda ya sa ɗansa lakwal ya kamata ya san abin da ɗan yake yi.

Ina karatu a sashen ilimin lafiya na jami'ar Damagaram. An kafa jami'ar a 2010. Yanzu sunanta Jami'ar André Salifou, malamin tarihi ɗan garin nan wanda ya rubuta tarihin Damagaram. Kafin a kafa ta, ɗalibai daga nan Yamai suke tafiya, wajen kilomita 900.

A shekarun farko ba a koya mana ba da magani. Jikin mutum ake koya mana. Ƙasusuwan babba 206 ne, kowane da sunansa. Muna koyon yadda jini yake zagayawa, da yadda tuwon da ka ci yake zama ƙarfi. Duka da Faransanci, wasu sunayen ma da Latin. Akwai wuya, ban ɓoye muku ba. Na taɓa faɗuwa jarrabawa ɗaya, na kwana uku ban gaya wa kowa ba. Har na yi tunanin in koma gona.

Abin da ya zaunar da ni shi ne madubin likita, wanda ake kira mikroskop. Yana ƙara girman abu sau ɗari, har sau dubu.

Wata rana malami ya ɗiga fitsarin wani yaro a kan gilashi, ya ce in duba. Na sa ido. Sai ga wasu abubuwa masu siffar ƙwai, kowane da ɗan tsini a gindi. Malami ya ce: "Ga tsargiya nan." Jikina ya yi sanyi. A garinmu yaro ya yi fitsarin jini, sai a ce girma ne ya zo. Ni ma haka na ɗauka.

Ashe tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Ga yadda take yi. Mai ciwon ya yi fitsari a tabki, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin ruwa. Abin da ya fito ya shiga jikin ƙaramar katantanwa, ya hayayyafa. Daga nan ya fito yana iyo. Yaro ya shiga wanka, ko makiyayi ya shiga shayar da dabbobi, ko mai garka ya shiga ɗibar ruwa, sai abin ya huda fata ya shige. Ba sai an sha ruwan ba. Tsutsar ta girma a jijiyoyin jini kusa da mafitsara, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Ƙwan ne yake yi wa mafitsara rauni, jini ya fito. In an daɗe ba magani, yana iya lalata ƙoda. Mata ma suna kamuwa, sai dai kunya ta hana su faɗa.

Ina kallon madubin, ƙanena nake tunani. Shekarunsa goma sha ɗaya, kullum da damina yana cikin tabki. Da na zo hutun nan na ja shi gefe na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai, ya ce tun bara yake ganin jini.

Ban saya masa ƙwaya a kasuwa ba. Likita na kai shi, aka auna fitsarinsa, aka ga ƙwan. Aka ba shi maganin da ake kira farazikantel, gwargwadon nauyin jikinsa. A lakwal kuwa, in ana rabon maganin, tsawon yaro ake aunawa da sanda. Bayan ƴan makonni jinin ya tsaya. Amma in ya koma tabkin zai sake kamuwa, na gaya masa a gaban Baba.

In za ku kai yaro awo, ku kai shi tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana. A lokacin ne ƙwan ya fi fita cikin fitsari. Ku hana yara fitsari a tabki da gefensa.

Gwaggo kuwa, ita ma na raka ta aka yi mata awo. Hawan jini ne, ba allura take bukata ba. Har yanzu tana cewa karatuna bai nuna ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.