Azumin Rage Tumbi: Ina Lissafin Ya Kuɓuce?

Abin da ya jawo maganar wannan wata kuwa shi ne wani abokin aikinmu a makaranta, wanda ya shigo ofishin malamai ya sanar da mu cewa shi fa ya fara "azumin Bature" domin ya rage tumbi. Likita ne ya gaya masa jininsa ya hau, kuma sukari na bakin ƙofa. To, sai ya daina karin kumallo, ba ya sa komai a baki sai ruwa har ƙarfe 12 na rana. Da an kaɗa ƙararrawa kuwa sai ya aika yaro wajen mai wake da shinkafa, a haɗo masa da taliya da gari da ƙwai da ganda, a malala shito da mai, ga lemon kwalba mai sanyi a gefe. Bayan wata biyu ya hau sikeli, allura ta tsaya inda ya bar ta. Ya ce sikelin ne ya lalace.

Ba don mu yi masa dariya muka kawo labarinsa ba, domin da yawanmu jirgi ɗaya ya ɗauko mu. Sanin kowa ne a zango mun taso ana ganin ƙiba alamar hutu ce. Namiji ya ajiye tumbi, a ce Alhaji ya samu. Amarya ta yi wata shida ba ta cika ba, dangi su fara tambaya ko lafiya. Sai ga shi binciken lafiyar jama'a da aka yi a Ghana a 2022 ya nuna kusan rabin matan ƙasar nan masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Wanda duk yake zuwa gaisuwar marasa lafiya a Nima ko Aboabo ya san sau nawa yake jin hawan jini, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, kuma ga mutanen da ba su tsufa ba.

Shi wannan azumi na zamani iri-iri ne. Akwai wanda ake kame baki awa 16 a ci abinci cikin awa 8, wato irin na abokinmu. Akwai wanda wani likita ɗan jarida na Ingila, Michael Mosley, ya yayata a shirin talabijin na BBC a 2012, inda mutum zai ci yadda ya saba kwana biyar a mako, kwana biyu kuwa ya ci ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da muka fara jin wannan sai muka ce ashe Bature ya gano Litinin da Alhamis. Amma akwai bambanci, domin su suna shan ruwa yini guda, kuma niyyarsu ta sikeli ce. Maganar haɗa niyyar ibada da ta rage ƙiba mun bar wa malaman addini, su ne masu fili.

Abin da ya shafe mu shi ne, shin kame bakin kansa ne ke rage nauyi? An gwada. A 2020 likitoci a Amurka sun raba mutum 116 gida biyu na tsawon mako 12, waɗansu na bin tsarin awa 16, waɗansu na cin abinci sau uku. Masu kame bakin ba su rage ko cikakken kilo ɗaya ba, kuma tazararsu da 'yan'uwansu ba ta kai a yi magana ba. A 2022 aka fito da sakamakon wani gwaji a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum 139, shekara guda cur. Dukkansu an rage musu yawan abinci, amma rabi aka ce su ci tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma kawai. Waɗannan sun rage kilo 8, sauran kilo 6 da ɗan kai, kuma masu binciken suka ce bambancin bai isa a danganta shi da agogo ba. Wato dai duka sun rame, kuma abin da ya ramar da su shi ne raguwar abin da ke cikin kwano.

Mu kuwa ai ba ma bukatar zuwa Sin, domin kowace shekara muna yin gwajin da kanmu. A nan ƙasar azumin watan Ramadan awa 13 ne da wani abu kullum, har kwana 29 ko 30. Masanan da suka tattara bincike daga ƙasashe da dama sun samu cewa mai azumi kan rage kilo ɗaya da 'yan kai a watan, sa'an nan mafi yawansa ya dawo cikin 'yan makonni bayan Salla. Wasu ma ƙaruwa suke yi. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya dubi tabarmar buɗe-baki a gidajenmu: koko da sukari, ƙosai, pinkaso, masa, lamurje, sobolo, duk kafin a je Magariba. A dawo a tarar da tuwo ko soyayyiyar shinkafa, bayan Asham kuma a zauna majalisa ana zagaya ataya, wadda sukarinta ya kusa fin ruwanta yawa.

Tunda aikinmu alli da allo ne, bari mu yi ɗan lissafi. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokali 12, in ma da hali ya tsaya a 6. To, a sa cokali uku a koko, uku a shayi, sa'an nan a sha lemon gwangwani guda, wanda ke ɗauke da wajen giram 35, kusan cokali 9. An kai 15 ke nan, ba a ƙidaya madara mai kauri da burodin sukari ba. Ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori ake auna shi. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne, kuma sai mutum ya yi tafiyar sauri ta kusan rabin awa kafin ya ƙone shi. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa wajen kalori 7,700 ne. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma zai gane abin da ya sami abokinmu. Kokon da ya bari da safe ya biya shi da riba a kwanon rana.

Akwai kuma wata yaudara da ke faruwa a makon farko. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na tafe da ruwa wajen ninki uku. Idan aka daina ci, wannan ajiya ce ke fara tafiya, sai mutum ya ga ya sauke kilo biyu cikin kwana biyar ya yi ta murna. Ruwa ne ya fita, kitsen na nan daram. A kan wannan gaɓa masu sayar da shayin rage ƙiba ke cin kasuwarsu a tasha da cikin waya. Da yawansu filasko ne a ciki, abin da kakanninmu ke sha don wanke ciki, ba abin da yake yi sai sa gudawa. Mafi muni, hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan kaya da wani magani mai suna sibutramine a ɓoye, wanda Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Da can akan ce garin neman ƙiba a samo rama, yanzu kuma garin neman rama a samo gadon asibiti.

Kada a fahimce mu baibai, ba mu ce tsarin kame baki banza ba ne. Wanda ya ga ya fi masa sauƙi ya rufe cin abinci da Isha'i har wayewar gari, ya daina ɗan ciye-ciyen dare, to ya samu hanya, muddin bai rama a gaba ba. Amma ba na kowa ba ne. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma, don haka sai ya ga likita tukuna. Haka mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai gyambon ciki. Yara kuwa muna roƙon iyaye su sa ido. Mun ga 'yan mata a manyan azuzuwa suna ƙin cin abinci don a ce sun yi siriri, sai a wajen taron safe ka ji yarinya ta yanke jiki ta faɗi. Wadda ke girma ba a yi mata wannan lissafi.

Abin da zai kwantar da hankali shi ne ba sai an koma kamar sillen kara ba. Wani babban bincike na Amurka da aka bayyana a 2002, a kan mutum sama da 3,000 waɗanda sukari ke gab da kama su, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan da ɗan kai, tafiyar kuwa rabin awa ce sau biyar a mako. Wanda ba shi da sikeli ya samo igiya, ya auna tsawonsa daga kai zuwa ƙafa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai saitin cibiya ko sama kaɗan. Idan bakin igiya bai haɗu ba, akwai aiki.

Abokin namu dai mun yi masa wannan awo a ofis, igiya ta rage taƙi guda ba ta haɗu ba. Yanzu ya koma shan kokonsa da safe da cokali ɗaya na sukari, wake da shinkafa kuma ya ce wa mai sayarwa ta cire taliya da gari, ta ƙara ganye. Yana sauka daga mota tasha ɗaya kafin makaranta ya ƙarasa a ƙafa. Lemon kwalba ne har yanzu ake kokawa da shi. Mun ajiye igiyar a durowa, za mu sake awo ranar da za a ba da hutu.