Noman wiwi a Ghana: wa zai biya kuɗin wutar ɗakin sanyi?

Tun watan Yulin 2023 da majalisar dokokin Ghana ta sake amincewa da noman wani nau'in wiwi, magana ɗaya ke yawo a bakin samari daga Nima zuwa Aboabo: wai gwamnati ta halatta wiwi. To, ba ta halatta ba. Abin da dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2020 ta ce shi ne, ministan cikin gida na iya ba da lasisin noman wiwin da sinadarin bugarwarsa, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, don yin zare da igiya, ko don iri, ko don magani. Wannan ko buhu mutum ya zuƙa ba zai ji komai ba sai ciwon kai. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda majalisa ba ta yi muhawara a kansa yadda ya kamata ba, sai 'yan majalisa suka koma suka gyara. Wanda kuwa aka kama da ƙulli a aljihu, har gobe tara ce ta sidi 2,400 zuwa 6,000, in ya kasa biya ya tafi gidan yari.

Har a ajina an taɓa jefo mini tambayar, yaran da ba su kai sha biyar ba. Hukuncin abin da ke sa maye sananne ne a wajenmu, batun igiya da magani kuma na bar wa malamai. Ni abin da nake so mu duba shi ne lissafin, don ina jin wasu suna cewa ga aikin yi ya zo wa matasan zango.

Kuɗin wannan kasuwa ba a igiya yake ba. Igiyar wiwi kamar rama ce, a fili ake noma ta, sai an tara da yawa kuma akwai masana'anta kusa kafin a ga riba. Kuɗin yana cikin furen da ake sayar wa masu haɗa magani a Turai, musamman Jamus. Su kuwa waɗannan ba sa sayen abin da aka noma yadda Allah ya so. Suna so kowane kilo ya yi daidai da ɗan uwansa, babu fumfuna, babu ragowar maganin ƙwari. Shi ya sa akasari ake kai shukar cikin rufaffen gini ko rumfar gilashi.

Da zarar an rufe ta, komai ya koma kan wutar lantarki. Ana kunna mata manyan fitilu a madadin rana. Fitilun suna haifar da zafi, dole a kawo na'urar sanyaya ɗaki. Shukar tana fitar da mafi yawan ruwan da aka ba ta ta ganye, ɗaki ya cika da laima, dole a kawo wata na'urar da za ta tsotse laimar, in ba haka ba fure ya ruɓe. Ga fankoki da ke sauya iska dare da rana. Kowace na'ura tana gyara ɓarnar da 'yar uwarta ta yi ne, dukansu kuma mita ɗaya suke ci. A 2012 wani masanin makamashi, Evan Mills, ya ƙiyasta cewa noman wiwi a cikin ɗaki yana cinye kusan kashi 1 cikin 100 na wutar Amurka gaba ɗaya. A 2021 masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado suka gano cewa kilo ɗaya na busasshen fure yana jawo hayaƙin kabon da ya kai tan 2 zuwa 5, kuma sarrafa iskar ɗakin ne ya fi komai cin makamashi.

Yanzu a ɗauko wannan ɗaki a dasa shi a ƙasarmu. A Akra da Kumasi iskar waje kanta jiƙaƙƙiya ce kusan duk shekara, ka jawo ta ciki ka ƙara wa na'ura aiki. A Tamale zafin watan Maris yana taɓa digiri 40. Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba: irin da ke da ƙarancin THC yawanci na Turai da Amurka ne, inda yinin bazararsu ke da tsawo. A nan yini da dare kusan kunnen doki suke, awa 12 kowanne, sai shukar ta yi saurin fure tun tana wada. Maganinsa? Ƙarin fitila. Kun ga ko rumfar gilashi aka yi, ba a rabu da Bukar ba.

Mu da muka sha dumso daga 2012 zuwa 2016, ya kuma sake leƙo mu a 2024, mun san abin da ake nufi da ɗauke wuta. Mai kanti ya yi asarar kifin firji, tela ya zauna yana hamma. Shi mai ɗakin wiwi kuwa, 'yan awoyi babu fanka cikin zafi sun isa su lalata masa aikin watanni. Don haka dole janareta da man dizil, ko gonar sola da batura. Kuɗin wuta ma an ƙara shi da kashi 14.75 cikin 100 a watan Mayun 2025. Wane saurayi ne a Asawase zai iya wannan? Iyakarsa gadi a bakin ƙofa, ko shara.

Ba mu ne farau ba. Lesoto ta fara ba da lasisi a 2017, ita ce ta farko a Afirka, ƙasa ce kuma ta kan duwatsu mai sanyi, ba ta da matsalar zafinmu. Duk da haka kuɗin lasisi ya fi ƙarfin manoman ƙauye da suka gaji noman tun kaka da kakanni, kamfanonin waje suka kwashe. A 2020 babban kamfanin Kanada, Canopy Growth, ya tattara nasa ya nasa ya bar Lesoto da Afirka ta Kudu. A Kanada ɗin ma, inda aka halatta wiwi a 2018, kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi, kamfanin Aurora ya sanar da rufe katafaren gidan nomansa na Edmonton a 2022. Idan masu wuta ba yankewa sun kasa riƙe irin wannan gini, ina ga mu?

Maroko ta bi wata hanya. Dokarta ta 2021 ta taƙaita noman a larduna uku na tsaunukan Rif, a fili, ƙarƙashin rana, ta hannun ƙungiyoyin manoman da dama can sana'arsu ke nan. A 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yi wa sama da mutum 4,800 da aka tuhuma ko aka ɗaure kan noman afuwa. Ban ce babu ƙorafi a can ba, amma aƙalla an tsara dokar da manomi a zuciya. Tamu ba haka take ba. Masu noman ɓoye a yankunan Volta da Bono, irin da ke hannunsu ya zarce 0.3 nesa ba kusa ba, don haka doka ta bar su inda ta same su.

Ministan cikin gida tun 2025, Alhaji Muntaka Mubarak, ɗan majalisar Asawase ne, ya san zango ciki da bai, kuma sa hannun lasisin a teburinsa yake. A ganina abu biyu ke gabansa. Duk kamfanin da zai gina ɗakin sanyi, a sa masa sharaɗin samar da wutarsa da kansa, kada a wayi gari an ɗauke wa Mamobi wuta don fankar wani ta ci gaba da juyawa, a kuma buga sunayen masu lasisin kowa ya gani. Na biyun ya fi gaggawa: hukumar ta shiga gidajen rediyo ta yi bayanin dokar da Hausa da Dagbani da Tuwi. Yaron da ya ji an ce an halatta, ya je ya dasa tukwane uku a bayan ɗakin uwarsa da ƙwan lantarki da tsohuwar fanka, ba tarar mashaya ce za ta hau kansa ba. Laifin noma ba lasisi ne, shi kuwa hukuncinsa ɗauri ne.