Faransanci ko Italiyanci? Gardamar wani zaure a Tabla

Kwanan baya na kwana a Tabla, kan hanyata ta komawa Yamai daga Filinge, sai na tarar da gardama ta kaure a zauren mai masaukina. Ɗansu ne ya ci jarrabawar bak, yana son karatun harshe a jami'a. Baffansa, Alhaji ne mai fataucin fata da kirgi, wanda ba ya fashin kasuwar Balayara ta ran Lahadi, ya ce Italiyanci za a yi. Kawunsa kuwa, tsohon mushen lakwal, ya ce in dai yana numfashi Faransanci yaron zai karanta. Shi mai karatun yana rakuɓe bakin ƙofa, babu wanda ya tambaye shi. Na kawo zancen nan ne domin na san ba zaure ɗaya ake wannan magana ba, kuma kuɗin da za a kashe da shekarun da za a ɓatar ba na wasa ba ne.

A yi wa Alhaji adalci, hujjarsa ba ta wofi ba ce. Ya ce Faransa ta naɗe tabarmarta: sojojinta sun fita a Disamban 2023, ofishin jakadancinta ya rufe a farkon 2024, ƙasarmu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Maris na 2025, kuma a cikin wannan wata kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Su kuwa Italiyawa, da suka buɗe ofishin jakadanci a Yamai a 2017, suka kawo sojojinsu a 2018, ba a sallame su ba lokacin da aka sallami Faransawa da Amurkawa. Ya tuna wa mutane aikin farfaɗo da ƙasar noma na Keita, wanda Italiya ta zuba wa kuɗi tun 1984. Sa'an nan ya zo kan abin da ya fi sani: fatar jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato, wadda ake jemewa a Kano, da yawanta masana'antun Italiya take ƙarewa, a mai da ita takalmi da jaka. Dillalan tsakiya ke cinye ribar. Me zai hana, in ji shi, a samu ɗan gida mai jin bakin masu saye?

Duk wannan gaskiya ne. Amma ni a ganina Alhaji ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba: ficewar gwamnatin Faransa da ficewar harshenta. Kundin da ya ambata bai kori Faransanci ba, ya ajiye shi ne tare da Ingilishi a matsayin harshen aiki. Duk ma'aikacin da ke karanta wannan shafi ya san da wane harshe ya rubuta takardar da ya sa wa hannu yau da safe. Hukuncin kotu, takardar fili, sanarwar kwangila, jarrabawar shiga aikin gwamnati, duka da shi ake yi. Ɗan kasuwa ma ya sani. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, takardun duwan na wannan doguwar hanya da Faransanci suke daga bakin teku har Yamai. Dokokin kasuwanci na OHADA da ƙa'idojin bankin BCEAO haka. Kai, har shugabannin Mali da Burkina Faso da Nijar, da suka kafa haɗakarsu a Yamai a Yulin 2024, da wannan harshe suka rubuta yarjejeniyar. Ba ƙaunar Faransa ta sa su ba. Shi ne harshen da ofisoshin Bamako da Wagadugu da Yamai suka yi tarayya a kai.

Italiyanci fa? Harshe ne mai daɗin ji, mai tsohon adabi, amma gidansa ƙarami ne: Italiya mai mutum kusan miliyan 59, da wani yanki na Suwizalan, da San Marino, da Fadar Paparoma. Ba ya cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin mamaki ma, hukumomin FAO da PAM da FIDA, waɗanda duk manomin Kurfai ya san motocinsu, a birnin Roma suke zaune, amma mai neman aiki a cikinsu Ingilishi da Faransanci za a fara tambayarsa. Kuma wanda ya ɗauri aniyar zurfafa Italiyanci, hanyarsa ta nufi jami'o'in baƙi na Perugia ko Siena, da biza, da shaidar yana da abin ciyar da kansa, da kuɗin haya da ake biya da yuro. In babu burus, fata nawa Alhaji zai sayar? In yaron ya dawo bayan shekara uku ko biyar, aji nawa ne a jihar Tillaberi ke jiran malamin Italiyanci?

Sai dai shi ma Mushe ban sallama masa duka ba. Shi yana hangen zamanin da mai digirin adabin Faransanci ke fitowa yau, gobe a ba shi ofis da albashi. Wannan zamani ya wuce tun kafin karyewar darajar sefa a Janairun 1994, kuma masu irin wannan digiri da ke koyarwa bisa kwantiragi, suna jiran ɗan abin da ake biyansu, sun fi kowa sani. Faransanci tsurarsa ba ya ciyar da mutum yau. Abin da ke da kasuwa shi ne Faransanci da aka haɗa da wani abu. Ga babbar ƙofa ta buɗe: in da gaske ake Hausa ta zama harshen ƙasa, wa zai fassara dokoki? Wa zai rubuta littattafan lakwal, ya tsara kalmomin shari'a da na asibiti da na haraji? Ba wanda ya yar da Faransanci ba ne, wanda ya ƙware a shi da Hausa gaba ɗaya ne. Marigayi Abdou Moumouni, wanda aka raɗa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, ya yi kiran a koyar da yaranmu da harsunansu tun cikin littafinsa na 1964, kuma da Faransanci ya rubuta kiran.

Saboda haka abin da na faɗa a zauren, da aka nemi bakina, shi ne yaron ya tafi Yamai ya yi Faransanci, ya riƙe darussan nazarin harshe da kyau, ya gyara rubutun Hausarsa. Italiyanci kuma ya koye shi a gefe. Harsunan biyu daga Latin suka fito, wanda ya riƙe ɗaya ba ya shan wuyar ɗayan, kuma akwai jarrabawar CELI ta Perugia da CILS ta Siena da ke ba mutum shaidar iyawa ba tare da ya yi digiri a kai ba. Wannan ya isa rubuta wasiƙar ciniki da karanta takardar oda, wanda shi ne ainihin buƙatar Alhaji.

Alhaji ya ce zai yi shawara. Mushe ya ce ai abin da yake faɗi ke nan tun ɗazu, alhali ba shi ba ne. Da safe, ina jiran mota bakin hanya, yaron ya biyo ni da jakata, ya ce a hankali: "Baba, ni fa Ingilishi nake so, don Kano nake son zuwa." Na ce ya koma ya faɗa wa baffansa da kawunsa da bakinsa, kafin a rufe rajista.