Ruwan Da A Kan Ƙara A Kunun Zaƙi

Jama'a, ni ban yarda da masu cewa a daina shan kunun zaƙi na gida ba. Yadda iyayenmu mata su ke yinsa ba laifi: a jiƙa gero, a niƙa da citta da kanumfari, a dama da tafasasshen ruwa. Zafin nan ya kan kashe ƙwayoyin cuta.

Ɓarna daga baya ta ke zuwa. Kunu ya yi kauri, sai uwargida ta ɗebo ɗanyen ruwan rijiya ko na tafki ta tsinka shi, watau ta komo da abin da wuta ta kora. Sau da yawa a kan kawo mini yaro ɗakin magani yana zawo, in na bi diddigi sai in tarar daga nan ne. Tacewa ba ta isa ba, gama ƙwayoyin nan ido ma ba ya ganinsu, balle rariya ta tare su.

Tilas ruwan tsinkawa shi ma a tafasa shi, ya yi minti 1 yana tafarfasa, ya huce a rufe. Na san itace da tsada. To, da an sauke tuwo a ɗora tukunyar ruwan tun wuta ba ta mutu ba.