Rubuta "Halal" a Ƙofa Bai Ishe Mu Ba

Duk wanda ya bi titin Oxford na Osu da yammacin ranar Sallah, ko ya leƙa East Legon, ko ya shiga Accra Mall, zai ga 'ya'yanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina sun cika kujerun gidajen cin abinci, an sha shadda da leshi, ana ɗaukar hoto kafin a kai loma. Wannan na cin shawarma, wancan fiza, waccan taliyar 'yan Sin, ga wani can yana fama da tsinkayen cin abinci suna zame masa. A Kumasi ma haka abin yake a Adum da Ahodwo. Tun da KFC ta buɗe shagonta na farko a Osu a 2011, irin waɗannan wurare sai ƙaruwa suke: na Labanawa, waɗanda dama sun fi shekara ɗari a ƙasar nan, da na Sinawa, da Indiyawa, da Turkawa, da Koriyawa. Ba sai mutum ya yi shigar manya ba, ba sai ya kama tebur tun jiya ba. Ka shiga, ka zaɓa, ka biya, ka ci.

Ni ba na cikin masu cewa a hana yara zuwa. Malamin makaranta ne ni, na kuma san abin da hani yake haifarwa: yaro zai je a ɓoye, ya ci abin da aka ba shi, ba mai tambaya. Fita cin abinci da iyali abu ne mai kyau. Uwargida ta huta da murhu rana guda, yara su ga yadda wasu al'ummomi ke sarrafa shinkafa da fulawa, su koyi zama cikin mutane. Abin da ke damuna shi ne muna shiga waɗannan wurare da kuɗinmu amma da bakin maroƙi. Muna jin nauyin tambayar abin da ke cikin farantin da mu za mu biya.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna Musulmi kashi 19.9 ne cikin ɗari na mutanen Ghana. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Babu ɗan kasuwa mai hankali da zai raina kwastoma ɗaya cikin biyar. Masu gidajen abinci sun san da haka, shi ya sa kalmar "Halal" ta yawaita a ƙofofi da allunan talla, wani lokaci har da harafin Larabci da jinjirin wata. To amma wa ya rubuta? Wa ya duba? Duk mai sidi kaɗan zai iya zuwa wajen masu buga takardu a buga masa. Ban ce duk ƙarya suke yi ba, da yawansu mutanen kirki ne, wasu ma Musulmi ne 'yan'uwanmu. Sai dai sau da yawa abin da mai gidan yake nufi da kalmar shi ne "ba mu sayar da naman alade", ko "kajinmu sun zo da tambari a kwali". Wannan rabin magana ne.

Mu fara da naman. Yawancin kajin da ake ci a ƙasar nan daga waje suke shigowa a daskare ta tashar jiragen ruwa ta Tema, daga Barazil da Amurka da ƙasashen Turai. Barazil tana kan gaba a duniya wajen fitar da kaji masu shaidar halal, saboda kasuwarta da ƙasashen Larabawa, don haka ba abin mamaki ba ne a ga kwalinta da tambari. Amma ba kowane kwali ba, kuma mai gidan abinci kan sayi abin da ya fi sauƙi a ɗakin sanyi a wannan makon. Na san malamanmu suna da magana a kan yankan Ahlul Kitabi, wanda Suratul Ma'ida ta halatta, suna kuma da saɓani a kan yankan na'ura da kaɗa dabba da lantarki kafin yanka. Wannan fagensu ne, ba nawa ba. Amma kowace fatawa mutum ya bi, sai ya san daga ina naman ya fito kafin ya san ko ta hau kansa.

Inda aka fi yin tuntuɓe ba a naman ba ne ma. A tukunya ne. Kowace al'umma tana da abin da take zubawa a girki ba tare da ta ɗauke shi wani abu ba, kamar yadda mu muke jefa daddawa. Girkin Sinawa na asali yana yawan amfani da giyar shinkafa wadda ake kira Shaoxing, ana jiƙa nama da ita, ana kuma ɗiga ta a kasko lokacin suya. Soyayyar shinkafarsu ta musamman takan zo da 'yan gutsattsarin gasasshen alade ko da an rubuta kaza da jatan lande a sama. Japanawa suna da mirin da sake, duka daga giyar shinkafa, kuma romon taliyarsu mai suna tonkotsu ƙashin alade ne ake dafawa sa'o'i har ya yi fari. A wajen Italiyawa, pepperoni da ake jerawa a kan fiza asalinsa haɗin naman alade da na shanu ne, taliyar carbonara da naman kumatun alade ake yin ta, kuma tiramisu, wannan kayan zaƙin da 'yan matanmu ke so, sau da yawa ana zuba masa giyar Marsala ko makamanciyarta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da ke gaya wa ɗan Zango abin da ke ciki. Yaro ya karanta "pepperoni" sai ya ɗauka barkono ne.

Za ka ji ana cewa ai wuta tana ƙone giyar. Ba duka ba. Binciken da ma'aikatar noma ta Amurka ta wallafa sakamakonsa ya nuna cewa idan aka zuba giya a girki aka bar shi yana tafasa minti 15, kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar yana nan, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai ragowar kusan kashi 5. Suyar kaskon Sinawa kuwa ko minti biyar ba ta kaiwa.

Sai kuma haɗuwar kayan aiki. Wurin da ke soya sosej ɗin alade da safe a kan faffaɗan ƙarfen suya, a kan wannan ƙarfen zai gasa maka naman burga da rana. Mai ɗaya ake tsoma komai a ciki. Wuƙar yanka fiza ɗaya ce. Ba mugunta ba ce, kuku yana sauri ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai wanda abin ya dama.

Wannan na ƙarshen shi ne laifinmu a matsayin al'umma. Ba mu tambaya, sai kasuwa ta ɗauka ba mu damu ba. Mai cin ganye zalla yana shiga ya faɗi buƙatarsa kai tsaye. Wanda gyaɗa ke tayar wa da ciwo yana faɗa, a kuma ji shi. Mu kuwa sai mu yi ta juya takardar jerin abinci, mu zaɓi abin da ya fi kama da wanda muka sani, mu ce bismillah, mu bar wa Allah sauran. Na sha tambayar ɗalibaina na ajin ƙarshe, waɗanda ke tara kuɗi su fita tare bayan jarrabawar BECE, ko sun taɓa tambayar mai kawo abinci me aka sa a miya. Sai su yi dariya su ce, "Haba Malam, ai sai a ce mu ƙauyawa ne." Ka ji inda matsalar take. Yaro yana ganin tambaya ita ce ƙauyanci, alhali wanda ya saba da irin waɗannan wurare shi ne ya fi kowa tambaya.

Tambayar ma ba ta da wuya. Ana dafa alade a kicin ɗin nan? Idan ana yi, kasko da mai daban ne? Ana sa giya a wannan abincin? Kajin daga ina? A yi ta da murmushi da ladabi. Yarinyar da ke kawo abinci 'yar wani ce, albashinta bai taka kara ya karya ba, kuma galibi ba ta san amsar ba, sai a roƙe ta ta tambayo kuku. Ba wurin wa'azi ba ne, ba kuma wurin ɗaga murya ba. Muna zaune lafiya da maƙwabtanmu Kirista a ƙasar nan, har ana ba da misali da mu, bai kamata farantin shinkafa ya zama sanadin raini ba. Idan amsar ba ta gamsar ba, a koma kan kifi da sauran naman ruwa, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya duk halal ne, a ce kada a sa giya. Ko a nufi gidan Indiyawa a ci daga ɓangaren da ba nama, wanda yake da faɗi ƙwarai. Ko a yi godiya a tashi.

Amma ba daidai ba ne a ce kowane magidanci sai ya zama sufeto duk ranar da ya fitar da iyalinsa. Wannan aikin hukuma ne. A Singafo Musulmi ba su kai kashi 16 cikin ɗari ba, amma majalisar addinin Musulunci ta ƙasar, MUIS, tana ba da shaidar halal tun 1978, kuma sa tambarinta ba da izini ba laifi ne a doka. A Afirka ta Kudu Musulmi ba su kai ko kashi 2 ba, duk da haka sun kafa SANHA a 1996, kuma manyan gidajen abinci na neman tambarinta da kansu domin sun san akwai kasuwa a bayansa. Mu da muka fi su yawa a kaso, me ya hana mu? Ina kira ga ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da shugabannin Ahlus Sunna da Tijjaniyya da sauran ɓangarori, su zauna da hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA a tsayar da tambari guda wanda tsohuwa a Nima da ɗalibi a Legon za su gane da kallo ɗaya. Ya kasance da lamba da ranar ƙarewa, a kuma riƙa komawa kicin ba tare da sanarwa ba. Idan kowane ɓangare ya fito da nasa tambarin, to mun mayar da abin hanyar karɓar kuɗi, kuma mai gidan abinci zai zaɓi wanda ya fi araha ya kuma fi kawar da kai.

Na ambaci FDA da gangan. Halal da tsabta tare suke tafiya, kuma rago da aka yanka da bismillah yana iya kwantar da mutum a asibiti idan ya kwana a firij ɗin da wuta ta ɗauke. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da hukumar ta rufe wani sanannen gidan abinci a East Legon bayan mutane da yawa sun kamu da ciwon ciki. FDA tana ba gidajen abinci takardar izinin tsabta, kuma ya kamata a gan ta a manne. Mai neman tambarin halal a bango ya nemi wannan ma.

Game da kuɗi ba zan tsawaita ba, kowa ya san aljihunsa tun bayan tsadar da ta kai hauhawar farashi sama da kashi 54 a ƙarshen 2022. A dai duba ko farashin da aka rubuta ya haɗa da haraji, domin wasu wuraren sai a rasit suke ɗora VAT da sauran ƙananan haraji, mutum ya ga lissafi ya tashi. Kuma don Allah a daina cin bashi saboda hoto.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na zauna a irin waɗannan wurare. A jerin abincinsu, can ƙasa da fiza da shawarma, sai ka ga an rubuta waakye, ko tuo zaafi, ko chichinga. Waakye shinkafa da wake ne, sunan ma daga bakinmu ya fito. Tuo zaafi tuwon zafi ne. Koko da ƙosai da duk Akara ke karya kumallo da su, har yau "Hausa koko" ake kiransa. Iyayenmu mata ne suka ciyar da biranen ƙasar nan da waɗannan abinci shekara da shekaru, a bakin kwata, kan teburin katako, suna tashi tun kafin kiran assalatu. Yau wani ya ɗauki abincin nan ya sa shi a farantin tangaram ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ya ninka kuɗinsa, mu kuma mu je mu saya muna tambayarsa ko halal ne.

Ban ga laifinsa ba, kasuwa ya gani. Amma Hajiyar da layi ke kai wa bakin titi a gaban tukunyarta tana da abin da shi ba shi da shi: hannu, da suna, da amanar jama'a a kan namanta. Abin da ta rasa ɗaki ne mai tsabta, da kujeru, da wurin wanke hannu, da ɗan lungun sallah, da mai rubuta lissafi. 'Ya'yanta da muka koyar, waɗanda suka gama jami'a suna yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, su ne ya kamata su yi mata wannan. Attajiranmu na Zango da ke zuba kuɗi a filaye da motocin haya su ma su duba nan. Kuma babu abin da ya hana ɗan Nima ya koyi gasa fiza ko murza taliyar Sinawa da naman da mahaucin unguwarsu ya yanka, ya buɗe shago a Osu, ya sa farashin da malamin makaranta zai iya kai iyalinsa sau ɗaya a wata.