Wa Ya Ceci Lambun Yu?

'Yan'uwa 'yan kasuwa, da yawa daga cikinku kuna zuwa ƙasar Sin saro kaya, ku sauka Guangzhou ko Yiwu, ku yi lodi ku juyo gida ba ku ga kome ba sai sito da masauki. To, wanda Allah ya kai shi Shanghai ya ware wuni guda ya shiga tsohon gari, ya ga Lambun Yu da kasuwar da ta kewaye shi. Akwai magana a wurin wadda ta shafe ku, kuma masu yi wa baƙi jagora ba su cika tsayawa a kanta ba.

Abin da za su fara gaya maka shi ne sunan mai lambu. Pan Yunduan, babban ma'aikaci a zamanin sarakunan Ming, ya soma ginin a 1559 don ya faranta wa ubansa Pan En, wanda ya yi minista a fada. Aikin gwamnati ya kai shi lardin Sichuan, gini ya yi ta jan jiki har 1577 da ya komo gida ya ba shi ƙarfi. Lalle wurin abin kallo ne. Abin da ya rage nasa yau wajen eka 5 ne, amma an karkasa shi da katangu da ƙofofi, hanya ba ta miƙewa, har mutum ya yi zaton ya yi tafiya mai nisa alhali yana nan kusa da inda ya shigo. Ga tafkuna cike da jajayen kifaye, ga siffar dodon Sinawa kwance bisa katanga. Akwai wani dutse mai ramuka 72, an ce in an kunna turare a gindinsa hayaƙi yakan fito ta kowane rami. Akwai kuma tudun duwatsu wajen ƙafa 40 wanda gwani Zhang Nanyang ya tsara, duwatsun kuwa tun daga Wukang a lardin Zhejiang aka ɗauko su. Shin wa ya ɗauko? Ba wanda zai gaya maka sunan ɗan dako ko guda.

Sa'an nan me ya faru? Lambu ya cinye dukiyar gidan Pan. Bayan mutuwar mai shi zuriya ta kasa riƙewa, ya yi ta canza hannu har ya zama kango. A 1760 'yan kasuwar gari suka haɗa kuɗi suka saye shi, suka shafe shekara 20 da wani abu suna gyara, kuma ƙofar da a da sai manya ke ƙetarewa ta buɗe wa jama'a. Ƙungiyoyin sana'a suka raba zaurukan: 'yan wake da hatsi da nasu, fataken sukari na Fujian da nasu. Rumfar nan mai bene da ke tsakiyar tafki a bakin lambu, wadda ake isa gare ta bisa gada mai lanƙwasa 9, 'yan yadi ne suka sake gina ta a 1784 don zaman shawara. A 1855 ta zama gidan shayi, sunanta Huxinting.

Wani zai ce ai attajirai ne suka saya, ba 'yan tebur ba. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ku dubi bambancin. Mutum ɗaya mai sarauta ya gina don gidansa, gidan ya kasa. Masu sana'a suka yi karo-karo, abin ya tsaya, mai talla da mai dako suka sami inuwa. Duk da haka har gobe lambun Pan ake cewa.

Wurin ya sha wuya. A 1842, lokacin yaƙin da Ingila ta yi don ta tilasta wa Sinawa sayen abin mayen nan ofiyam, sojanta sun yi sansani a ciki. (A gidan shayin nan ne kuma aka kai Sarauniya Elizabeth ta sha shayi a 1986. Duniya ke nan!) A 1853 Ƙungiyar Ƙananan Takubba, wadda ke cike da matuƙa jirgin ruwa da 'yan ƙwadago, ta ƙwace birnin a ƙarƙashin Liu Lichuan, ta kafa ɗaya daga cikin hedkwatocinta a zauren Dianchun, watau na 'yan sukari. Wata 17 suka riƙe gari, sai da Faransa ta taimaki sojan sarki aka fatattake su a 1855. Makamansu da kuɗin da suka buga suna nan a zauren. Kada ka wuce shi da sauri.

Gwamnatin Shanghai ta gyara lambun daga 1956, ta buɗe shi a 1961, yanzu da tikiti ake shiga. Kasuwar ce ke ba mu tunani. Dogayen benayen nan masu jan fenti da rufi mai ɗage baki, waɗanda baƙo ke zaton sun yi shekara ɗaruruwa, yawancinsu bayan 1990 aka gina su, kuma babban kamfani guda mai sayar da hannun jari ke riƙe da su. Kantunan zinariya da na manyan kamfanoni sun cika tsakiya. Unguwanni da yawa na tsohon gari an rushe su, an kwashe mazauna zuwa nesa. An tsabtace wuri, ba shakka, kuma baƙi na tururuwa, balle lokacin bukin fitilu na sabuwar shekararsu. Amma duk wanda aka taɓa ce masa ya tashi za a gyara kasuwa ya san tambayar da ke biye: in an gama, wa zai iya biyan kuɗin rumfa? Kasuwar da ta ceci lambu, ita ba a bar ta a hannun masu ita ba.

In ka je, ka sammaka kafin cunkoso. Kayan tsaraba na tsakiyar kasuwa farashin baƙi ne, ka taya ƙasa ƙwarai ko ka bari sai ka koma Yiwu. Dogon layin da za ka gani kusa da gada na masu sayen wani ɗan curin fulawa ne da ake turarawa, na gidan Nanxiang, naman alade ne a ciki, kada yunwa ta ja ka. In azahar ta same ka a can, akwai masallaci a Titin Fuyou, tun 1870 Musulmin gari suka kafa shi, tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa.