Kada Kalangu Ya Bi Shata Kabari

Jama'a, kowa ya san Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a Kano a 1999, aka binne shi a Daura. Allah ya ji ƙansa. Har gobe ana jin muryarsa a rediyo. Amma ina tambaya: a cikinmu wa zai iya kaɗa kiɗan Bakandamiya?

Shata ba shi kaɗai yake waƙa ba. A bayansa akwai makaɗan kalangu da 'yan amshi. Makaɗi yakan matse igiyoyin kalangu a hammata, ya sassauta, sai ganga ta yi magana kamar mutum. Wannan gwaninta ba a koyonta daga kaset, sai a gaban gwani.

Da hutun da ya wuce na je biki a garinmu, Kademi. Ba a kira makaɗi ko ɗaya ba, sai wani saurayi da lasifika yana sa waƙoƙin fiyano. Wani tsohon makaɗi yana zaune a gefe yana kallo. Ya ce mini 'ya'yansa duk sun tafi Kano tuƙin Adaidaita Sahu, kalangunsa kuwa yana rataye a ɗaki.

Wasu za su ce zamani riga ne. Gaskiya ne, amma sabuwar riga ba ta hana a adana ta gado. A Italiya akwai ƙungiyar makaɗa da ake kira PFM, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1972. Sun haɗa jita ta zamani da sarewa da gogen Turawa. Tsofaffi na barin ƙungiyar, matasa na shiga suna koyo, shi ya sa ta shekara fiye da 50 tana wasa. A nan gida ma, da Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, 'ya'yansa ba su bar kotso ya yi shiru ba.

Saboda haka ina roƙon hukumar makarantarmu ta riƙa gayyato makaɗan gargajiya su koya mana. Iyaye kuma ku daina ganin ɗan makaranta ya fi ƙarfin kalangu. Ai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu gane.